Ƙullutun Malam

Kwana huɗu ke nan rabona da masallacin layinmu. In an kira sallah sai in zaga ta bayan makarantar allo, in tsallaka kwata biyu, in je can inda ba a san fuskata ba in bi sahu. Jiya da magariba ma a can ɗin, ana sallamewa na ga wani ya ƙura mini ido, ya tura hannu cikin riga yana laluben ƙirjinsa. Ko ƙaiƙayi ne ya dame shi, ko labarin ne ya tsallako kwatar, Allah masani. Shi ya sa na ce gara in rubuta da hannuna tun kafin surukina ya gama yi masa kwalliya, don na ji a bakinsa yanzu har suma na yi. Ban suma ba. Da ma na suma.

Abin ya faro ne wata biyu da suka wuce a wajen zaman makoki. Wani maƙwabcinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, muna kan tabarma ranar sadakar uku, sai ƙaninsa ya ce, "Wallahi bai yi wata jinya ba. Abinci kawai ya daina ci." Daidai lokacin aka dire tiren waina a gabana. Na dubi wainar, na juya na tambayi cikina ko yana jin yunwa. Shekara 44 muna tare da cikin nan, bai taɓa jira a tambaye shi ba. Ran nan ya yi gum.

Da dare na ɗauko waya na rubuta "rashin son cin abinci". Dalilai suka jero: damuwa, zazzaɓi, rashin barci, wasu magunguna. Na riƙa tsallake su kamar mai gudun taka kashin kaji, har na dira kan na can ƙasa. Ciwon daji. Wannan ne na ga ya yi kama da ni.

Kafin mu yi nisa, mai karatu, sa wannan a aljihu, za ka buƙace shi: ni malamin ilimin halittu ne a sakandare, tun 2006.

Cikin mako guda jikina ya shiga ba da shaida. Bakina ya bushe, in na kai lomar tuwo sai ta zama auduga, in yi ta juya ta ta ƙi wucewa. Wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Dare ɗaya in tashi fitsari sau biyar. Yatsuna kamar kiyashi na yawo a ciki. Na san bugun zuciyar babban mutum in yana zaune tsakanin 60 ne da 100 a minti, don haka na kama tsintsiyar hannuna na shiga ƙirge. Na farko 88. Ban yarda ba, na sake, 97. Na uku 110. Ban kawo a raina cewa ƙirgen ne ke zaburar da ita ba, na ɗauka ciwon ne ke sauri.

Ana cikin haka jadawali ya kawo ni kan darasin sinadaran jiki a aji shida. Na tsaya gaban allo na zana ƙoda biyu, na ɗora wa kowace 'yar hularta, na ce wa yara daga nan adirenalin ke fitowa in mutum ya tsorata. Na jero musu aikinsa da alli: zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sauri, jini ya rage zuwa hanji ya koma damtse da cinya don a yi faɗa ko a ranta a na kare, narkar da abinci ta tsaya, yawu ya ƙafe, gumi ya karyo. Har misali na kawo musu, na ce wanda kura ta biyo ba ya tuna tuwo. Na ƙara da cewa mai yawan haki yana fitar da iskar kabon fiye da ƙima, shi ke sa yatsu da leɓe su riƙa yi masa wani iri. Ina rubutawa allin na jiƙewa a hannuna, ina lasar busasshen leɓe. Yara suka kwafa, na ba su aikin gida, na fito na jingina da darbejiya na ci gaba da ƙirga bugun zuciyata. Ko waiwayar allon ban yi ba.

Sauran ba sai na ja ba. Na je ɗakin awon jini na bakin titi aka ce malariya da taifod, sakamakon da ko jinin zakara ka kai shi za a miƙo maka. Magungunan suka kashe ɗan guntun marmarin da ya rage. Mai kemis ya ja fatar idona ya ce jinina ya yi ƙasa, ya ba ni ƙwayoyin ƙarin jini, kwana biyu bayan gidana ya koma baƙi ƙirin. Na san sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayar yana yin haka. Amma waya ta ce baƙin bayan gida yana iya zama jini daga tumbi, kuma a kwanakin nan waya ta fi ni ilimi. Kilo 78 na san kaina. Yaro mai sikeli a bakin kasuwar Sabon Gari ya ce 74, wani a Ƙofar Wambai ya ce 77. Na yarda da na Sabon Gari. Uwargida ta yi ɗan wake, ta yi miyar taushe, ta aika aka sayo gurasa bandashe, duk in taɓa in ture.

Sai daren Litinin. An ɗauke wuta, zafi ya kore ni tsakar gida, ina kwance rigingine ba riga, hannuna na yawo a ƙirji yana neman abin da bai ajiye ba. Ya gangaro tsakiya, daidai inda haƙarƙarin dama da na hagu suka rabu, sai ya ci karo da shi. Ƙullutu. Mai tauri, mai ɗan tsini, kamar an dasa ƙwallon dabino a tsaye. Na danna. Na sake dannawa. Kafin ƙarfe ɗaya na danna shi ya fi sau ɗari, ya fara zafi. To ga ƙullutu, ga tauri, ga zafi, ga rama, ga rashin ci. Ko ɗan aji ɗaya aka ba wannan lissafin ya haɗa shi.

An ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Nawa tuwon ya ƙi karɓa, a daren nan kuma sirrin ma ya amayar. Ƙarfe biyu na tashi uwargida na ce ta zauna, ta yi haƙuri da abin da za ta ji. Na gaya mata ina da fuloti a hanyar Gwarzo shekara shida ke nan, takardunsa na cikin tsohuwar jakar jarrabawa a saman sif. Na gaya mata adashin da muke yi a makaranta na dubu 20 ne, ba dubu 5 ba. Na kira wani abokina da nake bin sa naira 85,000 tun bara, na tashe shi daga barci na ce na yafe masa duniya da lahira. Ya ce, "Lafiya?" Na ce, "Ka dai sa ni a addu'a." Bai ƙara tambaya ba, ya yi godiya ya kashe waya. Uwargida tana kuka ta kira mahaifinta. Amma na lura, duk da kukan, sai da ta share hawaye ta ce, "Malam, saman wane sif ɗin?"

Kafin rana ta fito Baba ya iso a Adaidaita Sahu, da babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure da carbi mai dubu. Mutumin da shekara 15 ban taɓa haɗa ido da shi ba, yau ga shi riƙe da hannuna yana tsallakar da ni titi zuwa asibiti. Muka yanki kati, nas ta auna jinina ta ce 150 bisa 95, na ƙara shi a jerin shaidu, aka ce mu bi layi.

A kan bencin nan Allah ya haɗa ni da wani dattijo mai jar dara, da ledar tsofaffin katuna a cinya. Daga gani ɗan gida ne, har masu shara gaishe shi suke. Ya dube ni sama da ƙasa, ni da furfurata a gemu, ya ce, "Yaro, me ke tafe da kai?"

Baba ne ya amsa. "Ƙari ne ya fito masa a ƙirji."

Dattijon ya ajiye leda ya ce in matso. Bai nemi izini ba ya zura hannu ta wuyan rigata, ya lalubo wurin, ya danna, ya lumshe ido kamar mai zaɓen kankana. Can ya ce, "Namiji ne."

Na ce, "Na'am?"

"Ƙarin. Akwai mace, akwai namiji. Macen yawo take, yau tana nan gobe tana can. Namijin wuri ɗaya yake zama. Ka gode wa Allah, namiji ba ya haihuwa."

Baba ya ce, "Alhamdu lillahi."

"Amma ka ji sharuɗɗansa. Kada ka yarda su kusance shi da ƙarfe. Allura, almakashi, har wannan abin da suke ratayawa a wuya. Daji in ya ji ƙarfe haukacewa yake. Kada ka kira sunansa da dare, yana ji. Kuma ka bar kwanciya rigingine, in yana ganin sama sha'awar tsawo yake." Ya gyara zama, ya rage murya, sai duk bencin ya miƙo wuya. "Ba ka ce ba ka cin abinci ba? To ba laifin cikinka ba ne. Shi ne ya zauna a bakin hanya kamar ɗan sandan kan titi, duk abin da ya zo wucewa sai ya tare. Dabarar ita ce ka ɗauke masa hankali. Ka samu tsokar rago marar kitse, ka ɗora masa daga waje, ka ɗaure da rawani. Yana can yana fama da ta waje, kai kuma ka yi maza ka zura tuwo ta ciki."

Baba ya dakatar da jan carbi, ya ce, "Ɗanya ko gasassa?"

"Ɗanya, Alhaji. Gasassa ai yaron ne zai cinye."

Ina so in ce maka dariya na yi a raina. Ƙarya zan yi. Biro na zaro, na juya bayan katin asibitin, na ce, "Baba, sau nawa a rana?" Ya ce safe da yamma, ban da ranar Laraba. Na rubuta har da Larabar. Na tambaye shi ko ya taɓa gwada wa wani, ya ce mutum uku. Na ce sun warke? Ya ce, "Ba dai wanda ya dawo ya yi ƙorafi."

Aka kira sunana.

Ɗakin likitan ba shi da ƙyaure, labule ne, labulen kuma bai kai ƙasa ba, bai kai gefe ba, ga benci a jikinsa. Wannan ma ka sa a aljihu. Likitan matashi ne, kansa a sunkuye yana rubutu. Ya ɗago, ya dube ni, sai ya miƙe zumbur ya zagayo tebur ya rusuna. "Malam! Ba ka gane ni ba? 'Yan 2012, layin baya, jikin taga." Na gane shi sarai. Yaron da na taɓa ce wa in ya ci ilimin halittu a jarrabawar fita, ni kuma in koma sayar da rake. Na ji wani sanyi a raina, na ce aƙalla a hannun ɗana zan ji hukuncin.

Na zaro takardar da na jera alamomina da kwanan wata, shafi biyu, na karanta masa. Bai katse ni ba. Ya tambayi barcina, ya tambayi ranar da abin ya fara, na ce ranar sadakar uku. Ya ce, "A wajen makoki?" ya rubuta wani abu ya ja masa layi. Ya duba idona, ya taɓa wuyana, ya ce in cire riga in hau gado. Na cire riga a gaban surukina. Singiletin da na saka cikin duhu ashe mai huji ce a cibiya. Na kwanta, ya latsa cikina ko'ina, sannan ya ce, "Malam, nuna mini wurin."

Na ɗora yatsa. Ya ɗage yatsana ya ɗora nasa biyu. Ya danna sau ɗaya. Ya tsaya.

Ina kallon fuskarsa daga ƙasa, kuma har in mutu, mutuwar gaske, ba zan manta ta ba. Leɓensa na ƙasa ya shige cikin baki. Ƙofofin hancinsa suka buɗe. Idonsa ya kawo ruwa. Ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Na ce shi ke nan, yaron nan kuka yake, ya taɓa ajalin malaminsa da hannunsa. Tausayinsa ya kama ni. Na tashi zaune, na gyara murya irin ta gaban aji, wadda ɗan layin baya ke ji, na ce, "Likita, kada ka ɓoye mini komai. Ni Musulmi ne, na yarda da ƙaddara. Wata nawa ya rage?"

Baba ya ɗauki salati. Bayan labule na ji bencin ya yi tsit.

Likitan ya juyo yana goge ido, ya ce, "Malam, ara mini hannunka." Ya kama yatsana, ya kai ƙirjinsa, ya gangara da shi tsakanin maɓallai biyu, ya danna. "Me ka ji?"

Na ji shi. Mai tauri, mai ɗan tsini, ƙwallon dabino a tsaye. Nan ne fa, mai karatu. Nan ne Allah ya ba ni dama ta ƙarshe in tsira da ɗan abin da ya rage na mutuncina. Da shiru na yi, da an ce malam ya gano. Da tari na yi. Da na ce "to, to" kamar yadda manya ke yi in sun rasa ta cewa. Amma sai na damƙe hannunsa da hannuwana biyu, na dube shi da idon tausayi, na ce da ƙarfi, "Inna lillahi! Kai ma?"

Ya zauna a bakin gadon, don ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Da ya samu numfashi ya ce, cikin ladabi, wallahi cikin ladabi, wanda shi ya fi ciwo, "Malam, ƙashin tsakiyar ƙirji gaɓa nawa ne?"

Bakina ya amsa da kansa, ba da shawarata ba. "Uku."

"Ta ƙasan fa, ya sunanta?"

Sai hoton ƙwarangwal ɗin da ke rataye a ɗakin gwajin makarantarmu ya faɗo mini a ido, da kibiyar da na ja da jan biro da hannuna, don masu buga hoton sun manta ba su sa sunan ba. Na ce, a hankali, "Zifoyid."

"Bulala shida ka yi mini a kansa a aji huɗu, Malam. Na bar shi ba suna a zane. Ka ce ko daga barci aka tashe ni in faɗe shi."

Baba ya ce, "Wai me ake ciki ne? A yi mana da Hausa." Likita ya ce, "Baba, ƙahon zuci ne." Baba ya yi shiru. Ya ce, "Ƙahon zuci? Wanda kowa ke da shi? Har rago?" Aka ce masa shi. Ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ya tura hannu, ya laluba, ya ce, "Ga nawa." Daga bayan labule muryar mai jar dara ta taso: "Ni ma ga nawa, Alhaji, amma nawa mace ce." Na leƙa ta gefen da labulen bai rufe ba. Mutum ya fi goma a jere, kowa hannunsa cikin riga, kowa ya ɗaga kai sama yana lalube. Wani saurayi mai karyayyen hannu yana roƙon na kusa da shi ya taɓa masa.

A cikin wannan shirun ne cikina, wanda wata biyu bai ce uffan ba, ya saki wata doguwar ƙara, mai hawa da sauka, kamar ana jan tebur a kan siminti. Nas ɗin da ta leƙo ta koma da sauri.

Yaron ya yi mini bayani, ni kuma na zauna da hujin singiletina ina sauraron darasina. Ya ce abin guringuntsi ne a ƙuruciya, yana taurara ya koma ƙashi wajen shekara 40, in mutum ya ɗan rame kuma sai ya fito fili, shi ya sa ba ni ne na farko da ya kawo ƙararsa asibiti ba. Zafin kuwa ni na saya da yatsana. Ya ce sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa mai kama da takobi. Na ce na sani. Ya ce akwai wanda wataƙila ban sani ba: tsohon sunan abin da ke damuna haifokondiriya, shi ma Girkanci ne, ma'anarsa ƙarƙashin guringuntsin haƙarƙari, don mutanen da a nan suka ɗauka ciwon ke zama. "Ka ga, Malam, ba ka ɓata hanya ba, har ƙofar gidan ka je." Ya ce a 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sauke wannan suna daga littafinsu, irin nawa yanzu ciwon fargabar rashin lafiya ake ce masa. Ya ce, "Ba ƙarya kake ba. Bushewar bakin gaskiya ce, ramar gaskiya ce. Tsoron ne ke ƙera su, sannan ya kawo maka su a matsayin shaida, ka ƙara tsorata, ya ƙara ƙerawa."

Duk da haka bai sallame ni hannu rabbana ba. Ya ce wanda ya yi makonni ba ya ci kuma yana ramewa, daidai ne ya zo a duba shi, zuwan ba shi ne kuskuren ba. Ya rubuta awon jini, na hanta, na suga da na bayan gida. Ya ce in ajiye ƙwayar ƙarin jini, in daina ƙirga bugun zuciya, in daina tambayar waya bayan isha'i, in fargabar ta dawo kuma in zo ya haɗa ni da masu kula da wannan fannin, don ita ma ana maganinta. Ya sake auna jinina, 128 bisa 82. Wai na farkon, tsoron awon ne ya hau da shi.

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida. Ni da tsoron daji na shiga ɗakin nan, na fito da kunyar da gida ba zai ɗauke ta ba. Daga labule zuwa ƙofar fita bai fi taku ashirin ba, amma na fi jin tsawonsa a kan hanyar Kano zuwa Maiduguri. Ba wanda ya yi dariya. Sannu suke yi mini, ɗaya bayan ɗaya, "Sannu Malam, Allah ya ƙara sauƙi," hannuwansu har yanzu cikin riga. Na kusa tsira sai mai jar dara ya kamo bakin rigata.

"Yaro, kada ka saki jiki. Likitocin yanzu yara ne. Na yarda kowa na da shi, amma naka ya fi tsini, na taɓa na ji. Ka riƙa shafa masa man shanu ya yi laushi. Tsokar nan ma kada ka fasa. Ka ɗaura masa, in ya kwana bai ci ba, kai ka ci."

Tun ran nan ina cin abinci, malmala uku a zama ɗaya, sakamakon awon ma ya fito ranar Alhamis ba komai. Barcin ne dai har yanzu da saura, don da na rufe ido sai in ji muryata tana cewa "Kai ma?" Na juya kalmar nan ta kowace fuska ko zan samo mata mafita. Na ce ko in ce wasa nake, amma mai wasa ba ya damƙe hannun mutum da hannu biyu. Na ce ko in ce jarraba shi nake, in ga ko bulalar ta yi aiki. Wannan ta ɗan yi mini, har na gwada ta a kan uwargida, ta ce, "Fulotin ma jarrabawa ce?" Shekara da shekaru ina sa yara suna rera mini cewa ƙasusuwan babban mutum 206 ne, ashe ban taɓa ƙirga nawa ba. Kuma abin da ya fi ci mini rai, ba "wata nawa ya rage" ba ne, wannan kowa na iya faɗa. Tausayin ne. Ni, a kan gado, da huji a cibiya, ina yi wa likita jaje.

Takardun fulotin sun bar saman sif, ban san inda suka koma ba. Uwargida da ƙaninta sun je sun gano wurin, ta ce zai yi kiwon kaji. Ta kuma ɗauko biro tana ninka dubu 15 da watannin da aka yi ana adashi. Abokin nan na kira shi shekaranjiya, na yi ta kewaye-kewaye, na ce maganar daren nan a cikin ruɗu na yi ta. Ya ce, "Malam, ai duniya da lahira ka ce. Wanne kake son warwarewa?"

Jibi Litinin ina da aji huɗu da safe, kuma a jadawalin zangon nan darasin ƙwarangwal ne. Na roƙi malamin lissafi mu yi musanyar lokaci. Ya ce ya yarda, amma sai na bari ya taɓa.